Kwamfuta, Haskell da ma'anar jimlar Hausa

Tambaya: “Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar Daura, ina aji huɗu a sashen kimiyyar kwamfuta a nan Katsina. Malamin da ke duba aikina na kammalawa ya ce in rubuta manhajar da za ta karɓi jimlar Hausa ta fitar da ma'anarta, kuma in yi da Haskell maimakon Python da na saba. Duk abin da na samu na karanta misalan Turanci ne, cike da alamar lamda. Me ake nufi da a ce kwamfuta ta san ma'ana? Me ya sa sai Haskell? Idan na ɗauki abin da aka yi wa Turanci na sauya kalmomin zuwa Hausa, zai yi aiki? Ƙawayena suna cewa wahalar banza ce tunda akwai ChatGPT.”

Wa alaikumus salam, ɗiyata, Allah Ya ba da sa'a. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: mece ce ma'anar da ake cewa za a lissafa, me ya haɗa ta da Haskell, sannan ko rigar da aka ɗinka wa Turanci za ta shiga jikin Hausa. Na huɗun na ƙawayenki ne, shi ma zan taɓa shi can gaba. Bari in fara ba ki amsar na ukun a taƙaice: ba za ta shiga ba. Jimloli biyar ko goma na farko za su tafi sumul har ki ɗauka kin gama, sai ki rubuta “Binta ba ta ga kowa ba”, kwamfuta ta ba ki amsar da ko ɗan shekara biyar a Daura ba zai yarda da ita ba. To a nan aikinki na gaskiya yake, kuma shi ne abin da za ki tsaya gaban malamai ki kare.

Ma'anar da ake nufi

Idan na ce miki “Audu ya tafi Mai'adua”, ƙila ba ki san ko ya tafi ɗin ba. Amma kin san yadda al'amura za su kasance idan maganar gaskiya ce, kin kuma san yadda za su kasance idan ƙarya ce. Wannan sanin shi masu fannin suka kama suka ce: sanin ma'anar jimla shi ne sanin sharuɗɗan da za su sa ta zama gaskiya. Ba wai ma'ana ta ƙare a nan ba, sai dai shi ne ɓangaren da ke yarda a yi masa lissafi.

Tushe na biyu ana jingina shi ga Bajamushen nan Gottlob Frege: ma'anar jimla tana fitowa ne daga ma'anar kalmominta da yadda aka jera su. Shi ya sa kike gane jimlar da ba ki taɓa ji ba tun da aka haife ki. “Jaki ya shure Audu” da “Audu ya shure jaki” kalmominsu ɗaya, amma a ɗaya Audu ne ke ɗingishi.

Wanda ya haɗa waɗannan biyun ya mai da su tsari shi ne Richard Montague, malamin falsafa a Los Anjalis ta Amurka, ɗalibin Alfred Tarski. A 1970 ya fito ya ce shi bai ga wani muhimmin bambanci na nazari tsakanin harshen mutane da harsunan da masu manɗiƙi suka ƙirƙira ba. Ya rasu a 1971, maƙalarsa da aka fi karantawa kuma ta fito a 1973, bayan ransa. Barbara Partee ce ta ɗauki aikin ta shigar da shi cikin masu ilimin harshe.

Kada sunayen nan su sa ki ga abin kamar baƙo ne a gare mu. Duk wanda ya karanta Sullamu, littafin manɗiƙi na Ahalari, a zaure ya san kulliyya da juz'iyya, wato hukuncin da ya hau kan kowa da wanda ya hau kan wasu. Shehu Magili, wanda ya zo Katsina da Kano a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baituka da Suyuɗi yana kare karatun manɗiƙi. Abin da Montague ya ƙara shi ne hanyar da za a tashi daga jimlar da mutum ya furta, kalma bayan kalma, a isa ga hukuncin ba tare da tsallake ba.

Sarrafau da nau'insa

Akwai abin da masu lissafi ke kira fankshan. Ni a aji nakan ce masa sarrafau, a kan awon aikatau da karɓau. Ki ɗauke shi kamar injin niƙa: a zuba gero, gari ya fito, kuma duk ranar da aka zuba gero garin gero ne zai fito. Alamar lamda da ta tsorata ki hanyar rubuta injin da ba a raɗa wa suna ba ce kawai. Alonzo Church ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1930, a 1940 kuma ya ƙara mata nau'o'i, wato kowane inji a rubuta a jikinsa abin da yake karɓa da abin da yake fitarwa.

Nau'i biyu kacal ake farawa da su: abu, da gaskiya ko ƙarya. “Audu” abu ne. Cikakkiyar jimla ko gaskiya ko ƙarya. To “tafi” fa? Inji ne da za a ba shi abu ya ce gaskiya idan abin ya tafi. Ga shi a Haskell, da ƙaramin gari mai mutum uku da jakuna biyu:

data Abu = Audu | Binta | Musa | Aura | Duna deriving Eq
type Gaskiya = Bool
type Hali = Abu -> Gaskiya
gari = [Audu, Binta, Musa, Aura, Duna]
jaki x = elem x [Aura, Duna]
mutum x = elem x [Audu, Binta, Musa]
tafi x = elem x [Audu, Binta]
gani y x = elem (x, y) [(Audu, Aura), (Audu, Duna), (Binta, Musa)]

Ki rubuta tafi Audu, ki ga ta ce gaskiya ne. Ki lura da “gani”: yana karɓar wanda aka gani tukuna, ya dawo da wani injin da ke jiran mai gani. Haka jimlar take a bishiyar li'irabi: “ga Aura” yanki ne guda, yana jiran aikau. Wannan dabarar ta ba inji kayansa ɗaya bayan ɗaya Moses Schönfinkel ya fara kawo ta a 1924, Haskell Curry ya bunƙasa ta, sunansa kuma aka sa wa harshen da ya fito a 1990.

Daɗin abin yana cikin kalmomi irin su “kowane” da “wani”. “Kowane jaki” ba wata dabba ba ce da za ki nuna da yatsa. Inji ne mai cin wasu injuna: a ba shi halin farko, a ba shi na biyu, ya duba ko duk mai na farko yana da na biyu.

kowane, wani :: Hali -> Hali -> Gaskiya
kowane n a = and [a x | x <- gari, n x]
wani n a = or [a x | x <- gari, n x]
yawanci n a = 2 * length [x | x <- gari, n x, a x] > length [x | x <- gari, n x]

Layin ƙarshen nan ya fi yadda yake a ido. Barwise da Cooper sun nuna a 1981 cewa “yawancin” ba ta rubutuwa da manɗiƙin matakin farko, mai “duk” da “akwai” kawai. A nan kuwa layi ɗaya ta ci.

Yanzu kin ga dalilin malaminki. Abin da ake rubutawa a allo da abin da ake bugawa a kwamfuta kusan abu ɗaya ne. Python ma tana da lamda, NLTK, kayan aikinta na sarrafa harshe, kuma yana da sashen ma'ana, an kuma yi irin aikin da harshen manhaja Prolog, wani mai suna OCaml ma zai yi. Amma Python takan bar ki ki haɗa abin da bai haɗuwa, sai manhajar ta iso wurin sannan ta faɗi. GHC, wato manhajar da ke tantance abin da kika rubuta da Haskell, ba ta bari ki motsa sai nau'o'in sun dace. Idan kika ba “tafi” wani “tafi” a matsayin aikau, nan take za ta tsayar da ke. A makonnin farko za ki ji kamar ki jefar da kwamfutar. Daga baya za ki gane kusan duk inda ta ƙi, akwai wata tambaya ta nahawu da ba ki amsa ba. Littafin Jan van Eijck da Christina Unger na 2010 a kan wannan hanyar aka gina shi, sai dai misalansa na Turanci ne.

Inda Hausa ke tirjewa

Ki ƙirga kalmomin “Audu ya tafi”. Uku ne, amma ni biyu na rubuta a sama. Ina “ya”? Wannan 'yar kalmar tana ɗauke da jinsi, da adadi, da yanayin aikin, sannan idan aka cire “Audu” ita ce ke riƙe da aikau gaba ɗaya. Tana kuma sauya kama: “sun zo” amma “su ne suka zo”, “yana karatu” amma “shi ne yake karatu”. Ni yadda nake yi, dacewar jinsi da adadi nakan bar wa ɓangaren ginin jimla, ya kori “Binta ya tafi” tun kafin ta iso wurin ma'ana. Aikatau shi ma yana sauya wasalinsa na ƙarshe: ya sayi jaki, ya saye shi, ya saya. Wannan yana cikin tsarin giredi bakwai da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960. Siffa uku, inji ɗaya, sai ki tanadi haka a ƙamusun manhajarki. Kada kuma ki yi saurin fassara “mun” da lokacin da ya wuce. Ki dubi “gobe war haka mun isa Daura”. Kammaluwar aiki take nunawa, lokacin kuwa daga “gobe” ya zo.

Wannan duk mai sauƙi ne. Bari in ba ki labarin inda na ji kunya. Shekarun baya na kai 'yar manhajata aji, na nuna wa ɗalibai jimloli suna shiga, amsa na fita, ina ta jin kaina. Wani yaro daga baya ya ce, Malam a gwada korewa. Na rubuta “Binta ba ta ga kowa ba”. Abin da na gina a ciki shi ne:

ba p = not p
kowa a = kowane mutum a
ba (kowa (\y -> gani y Binta))

A garin namu Binta ta ga Musa, ba ta ga Audu ba. Kwamfuta ta ce jimlar gaskiya ce. Aji ya fashe da dariya, kuma suna da gaskiya. Wanda ya ce bai ga kowa ba alhali ya ga Musa, ƙarya ya yi. Abin da na rubuta yana nufin “ba kowa ta gani ba”, wadda wata jimla ce daban. Na kwafo tsarin Turanci, inda suke da kalma ɗaya ta tabbatarwa da wata ta korewa, na manta mu “kowa” ɗaya muke da ita tana yin aikin biyu.

Gyaran hanya biyu ne. Ko dai ki ce “kowa” kullum tana hawa kan korewar da ke manne da aikatau, sai ki rubuta kowa (\y -> ba (gani y Binta)), ko ki ce a ƙarƙashin korewa “kowa” tana komawa “ko mutum ɗaya”. A wannan jimlar duka biyun amsa ɗaya suke bayarwa. Ni na fi karkata ga ta farko, domin ma'ana ɗaya take ba kalmar, kuma tana bayyana dalilin da ya sa “ba kowa ne ya zo ba” ke nufin wasu sun zo: a can korewar ta kewaye jimlar duka, “kowa” tana ciki. Malte Zimmermann ya yi dogon rubutu a kan wannan a 2008. Darasin da na ɗauka shi ne korewa a Hausa ba guda ba ce. Akwai ta “bai zo ba”, da ta “ba ya zuwa” mai “ba” ɗaya, da “babu”, da ta “ba shi ba ne”, da “kada”. Kowace ki ba ta reshenta a bishiya, ko da a ƙarshe dukkansu “not” za su kira.

“Wani” ma ba kanwar lasa ba ce. “Musa bai kira wani yaro ba” tana da harshen damo. Ana iya ƙarasa ta da “shi kaɗai ya tafi”, wato ba yaron da ya kira. Ana kuma iya ƙarasa ta da “ɗan gidan liman”, wato akwai takamaiman yaro da aka tsallake. Amma “Musa bai sayi jaki ba” fuska ɗaya gare ta: ba jakin da ya saya. Ke nan suna tsirara da suna mai “wani” ba za su sami inji ɗaya ba, alhali a Turanci 'yar kalma ɗaya ce ke gaban su duka. Ga kuma “wani” na “ba ni wani”, mai nufin wanda ba na ɗazu ba, wanda sai manhaja tana tuna abin da aka ambata a baya za ta iya da shi.

Sai “duk” da “kowane”, waɗanda ɗalibai ke ɗauka tagwaye ne. Ki gwada: “duk yaran sun taru a Ƙofar Sauri” daidai ne, “kowane yaro ya taru” kuwa ba Hausa ba ce. Taruwa halin jama'a ne, mutum ɗaya ba ya taruwa. Wannan zai tilasta miki ki ƙara wa garinki gungu-gungu na abubuwa, kamar yadda Godehard Link ya tsara a 1983. Da kin yi haka za ki iya bambanta “yara sun sayi lemo biyu” da “yara sun sayi lemo biyu-biyu”, ki kuma fara tunanin abin da “sun firfito” ta ƙara a kan “sun fito”. A ganina wannan kaɗai ya isa aikin kammala digiri, kuma ya fi burge ni a kan kwaikwayon abin da aka riga aka yi.

Akwai kuma matsalar da rubutun boko ya jawo mana. Ba ma sa karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali. “Ya tafi” a rubuce tana iya zama labarin ya riga ya tafi, ko umurnin ya tashi ya tafi, ko “ya” ɗin da ke bin “shi ne”. “Gari” na mutane ko na tuwo? “Fari” launi ko rashin ruwan sama? Kada ki sa manhaja ta yi caca. Ki bar mai li'irabinki ya dawo da jerin duk karatun da zai yiwu, kowane a lissafa masa ma'anarsa. Philip Wadler ya bayyana wannan dabarar a 1985, kuma a Haskell ba ta da wuya. Af, wani ɗan abu: GHC na karɓar ƙ da ɗ da ɓ a cikin sunaye, har “jama'a” ma tana karɓa, amma suna ba ya farawa da alamar ɗauri, saboda haka “'yar” sai ki rubuta ta da ƴ kamar yadda ake yi a Nijar.

Hurumi, da jakin da ya gagari malamai

“Kowane ɗalibi ya karanta wani littafi.” Littafi ɗaya ne suka yi tarayya a kai, ko kowa da nasa? Ya danganta da wanda huruminsa ya kewaye na ɗan'uwansa. Idan irin waɗannan kalmomin uku ne a jimla, jerin da zai yiwu shida ne, idan biyar ne 120, ko da yake ba duka kunne ke karɓa ba. An bi hanyoyi da dama. Montague yakan ajiye wakilin suna a gurbin, ya shigo da kalmar daga sama. Robin Cooper yakan ajiye ta a rumbu sai an kai ƙarshen jimla a fito da ita. Chris Barker a 2002 ya lura cewa abin da “kowane jaki” ke yi, wato karɓar ragowar jimlar a matsayin kayan aikinsa, shi ne abin da masu rubuta manhaja suka daɗe da sani da sunan kontinuweshan. Shekara guda kafin nan Chung-chieh Shan ya nuna yadda monad ke tattara irin waɗannan al'amura wuri ɗaya.

Kada kalmar monad ta firgita ki. Ki ɗauke ta a matsayin ƙunshi: ma'ana ce tare da wani ɗan kaya da ta goyo. Misali, “jakin ya tafi” a garin da ke da jakuna biyu, ko “kowane raƙumi ya tafi” a garin da ba raƙumi. Injinmu na sama zai ce ta biyun gaskiya ce, tunda ba raƙumin da ya ƙi tafiya. Bahaushe kuwa cewa zai yi, wane raƙumi? Wannan ita ce gardamar Russell ta 1905 da Strawson ta 1950, kuma nau'in Maybe na Haskell yana ba ki damar cewa jimlar ba ta kai ga hukunci ba. Haka kuma Gamzaki da Zara. Tauraro ɗaya ne, ana ganinsa da asuba a wani lokaci, da almuru a wani. Amma “Audu ya san Gamzaki na fitowa da asuba” ba ta nufin ya san haka game da Zara. Misalin Frege ne na 1892, mu ma muna da sunayen tun tuni. Maganinsa a sa kowace ma'ana ta dogara da wane gari ake magana a kai, na zahiri ko na cikin kan Audu.

Sai jaki. Peter Geach ya farfaɗo da wata tsohuwar jimla a 1962, wadda a Hausa za mu ce “duk manomin da ke da jaki yana dukansa”. Jakin Turai ma ashe bai tsira ba. Tambayar: “sa” ɗin nan wa yake nufi? Ba Aura ba, ba Duna ba. Jakin yana kulle cikin “da ke da jaki”, huruminsa bai kai “dukansa” ba, amma kowa ya gane maganar, har ya fahimci cewa mai jakuna uku duka ukun suna shan sanda. Hans Kamp a 1981 da Irene Heim a 1982 suka kawo mafita: a daina ɗaukar jimla a matsayin gaskiya ko ƙarya kawai, a ɗauke ta a matsayin abin da ke sauya jerin abubuwan da aka ambata a zance. A Haskell nau'in jimla sai ya koma inji mai karɓar jerin da ake da shi ya fitar da sababbin jeri. Ni na taɓa kai manhajata nan, amma da na zo kan “Ka sayi goro? Na saya”, inda karɓau ya ɓace ɗungum kuma kowa ya san goro ake nufi, sai da na sake rubuta rabinta. Ban ba ki shawarar shiga nan a aikin wata shida ba.

Iyakar abin, da maganar ƙawayenki

Wannan hanyar ba ta san mene ne jaki ba. Ni na rubuta mata cewa Aura da Duna jakuna ne. Ƙarfinta yana kan ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimla, rauninta yana kan manyan. Ki dubi “ci”: ci tuwo, ci jarrabawa, ci bashi, ci amana, ci sarauta, kasuwa ta ci. Sai dai ki rubuta kowane da hannu. Ga su “fa”, “dai”, “kam”, “kuwa”, “ma”. “Audu ya tafi” da “Audu dai ya tafi” sharaɗin gaskiyarsu ɗaya, amma matar da ta faɗi ta biyun a tsakar gida akwai wanda take yi da shi. Habaici da gatse da karin magana suna can gaba da inda wannan lissafin ya tsaya.

A irin waɗannan wuraren ChatGPT da ire-irensa sun fi, tunda daga tarin rubutun mutane suka koya. Amma ki tambayi ƙawayenki: idan ya ba da amsa a kan “ban ga kowa ba”, wane layi za su nuna su ce ga dalili? Idan ya yi kuskure, ina za a gyara? Taki manhajar 'yar ƙarama ce, sai dai kowace amsa za ki iya bin sawunta har kalmar da ta haifar da ita. Inda ake buƙatar tabbaci, kamar tambayar rumbun bayanai ko duba ko sharuɗɗa biyu na yarjejeniya sun ci karo, wannan yana da daraja. Jerin jimlolin da za ki tara ma zai iya zama ma'aunin gwada su waɗancan manyan, a ga ko Hausar suke ji ko Turanci suke yi da kalmomin Hausa.

Da ni ne ke

Zan ɗauki kalmomi arba'in, ba ƙari. Sunaye kaɗan, aikatau goma, “wani”, “wasu”, “kowane”, “duk”, “babu”, lambobi, da korewa iri biyu. Kafin in taɓa kwamfuta zan rubuta jimloli ɗari a littafi, kowace da ɗan labarin yanayi da hukuncin da ya kamata. Zan raba aikin gida uku: nau'in bishiyar jimla, mai li'irabi, da mai fassara bishiya zuwa ma'ana. Mai li'irabin zan bari ƙarshe, domin za ki iya rubuta bishiyoyi da hannu ki gwada ma'ana tun makon farko, kuma ɗalibai da yawa a li'irabi lokacinsu ke ƙarewa. Idan da hali ki yi masu fassara biyu a kan bishiya ɗaya: ɗaya ya ba da gaskiya ko ƙarya, ɗaya ya buga ma'anar da alamomin manɗiƙi, don ranar kare aiki malamai su ga abin da ido. Don nahawu ki riƙe littattafan Galadanci da Newman da Jaggar kusa. Idan daga baya kina son faɗaɗawa, akwai GF, tsarin rubuta wa kwamfuta nahawu na Aarne Ranta, wanda shi ma da Haskell aka rubuta shi, akwai kuma nahawun Hausa na kwamfuta da Berthold Crysmann ya gina. Sauke GHC yana cin data, ki nemi inda intanet ke da ƙarfi ki yi sau ɗaya, bayan nan ba ya buƙatar komai.

Hukuncin jimlolin nan kuwa kada ki yanke shi ke kaɗai, domin wanda ya daɗe yana kallon lamda kunnensa kan lalace. In kin je gida hutu, ki zauna da tsofaffi da yaran da ba su yi boko mai zurfi ba. Kada ki tambaye su ma'anar jimla. Ki ba su labari: yara uku ne a ƙofar gida, Musa ya kira biyu ya bar ɗaya, sai wani ya ce “Musa bai kira wani yaro ba”, gaskiya ya faɗa ko ƙarya? Ki rubuta abin da kowa ya ce, da garin da ya tashi. Inda Badauri ya saɓa da Bakatsine, kamar “wa” da “ma” a “ya faɗa ma Audu”, ki sa shi a babi na musamman. In kin tara ɗarin, ki turo mini goman da suka fi jawo gardama mu duba tare.